Abinci da Sutura a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Shawarar Matafiya daga Legas

Hausawa mazauna Legas da suka taɓa hawa jiragen ruwan shaƙatawa na Turai sun yi ittifaƙi cewa kuɗin tikiti yakan haɗa da abincin babban zauren cin abinci da kuma wurin ɗiba-da-kanka, amma gidajen abinci na musamman sai an ƙara kuɗi. Mai buƙatar abincin halal ya sanar da kamfani makonni kafin tashi, in ba haka ba kifi da ganye ne mafita.

Batun sutura ya fi jan muhawara. A daren ado, wato daren da ake son fasinjoji su yi shigar alfarma don cin abincin dare, galibi ana karɓar babbar riga da hula ko leshi da ɗankwali a matsayin kayan ƙasa, kodayake kamfanin jiragen ruwa na Cunard ya fi na Carnival tsaurarawa. Gajeren wando da silifas kuwa, a bar su bakin wurin ninƙaya.