Turjiyar NbSe3 tana zubewa in na ƙara wuta, ko haɗina ne ya lalace?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum. Mako uku ke nan ina fama da wani silin NbSe3, kiristal na sinadaran niobium da selenium, siriri kamar gashin kai, na liƙa masa wayoyi huɗu da fentin azurfa. Sai da na karya biyar kafin na shida ya zauna, har numfashi nake ɗaukewa in zan taɓa shi. Da na sanyaya shi, turjiyarsa ga lantarki ta yi ta sauka kamar ta kowane ƙarfe, sai a wajen Kelbin 145 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi) ta yi tozo, ta sake yin wani a 59. Wannan na san da shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a Kelbin 50, in ina ƙara wuta kaɗan-kaɗan turjiyar tana nan daram, sai an kai wani wuri ta fara zubewa. Ina dokar Ohm, wadda ta ce turjiya ba ta canzawa don an ƙara wuta, ta shiga? Ko fentin ne ya ci amanata?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki taɓa fentin nan, abin da ake nema kika samu.

A wannan kiristal ilektaron suna bin layi ne a sarƙoƙin atam, kusan hanya ɗaya tal. Masanin fiziks Peierls ya nuna cewa irin wannan layi ba ya zama lafiya in ya yi sanyi: atam sukan ɗan gusa, caji ya taru nan ya ragu can, bi da bi, kamar kunyoyin gona. Ita ce igiyar cunkoson caji. Tana kame wasu ilektaron, shi ya sa kika ga tozo biyu, don igiyoyi biyu ne. NbSe3 bai rasa su duka ba, ya ci gaba da zama ƙarfe. Da K0.3MoO3 ne, wani kiristal mai launin shuɗi da shi ma yake yin wannan igiya, ƙasa da Kelbin 180 turjiyar hawa kawai za ta yi ta yi.

Tun 1954 wani masani, Fröhlich, ya yi tunanin igiyar za ta iya zamewa gaba ɗayanta ba tare da turjiya ba. Bai samu yadda ya so ba, domin gurɓatattun atam da ke cikin kiristal suna riƙe ta kamar ƙaya ta kama riga. Sai turin wuta ya wuce wani mizani take fizgewa ta tafi da cajinta. Monceau da Ong da Portis sun ga wannan saɓa wa Ohm a 1976, a irin silin da ke hannunki.

Na Damagaram:
Malam ya yi gaskiya, amma 'yar'uwa kada ki yi saurin murna. Zafi ma yana yin haka: a Kelbin 50 kina kusa da tozon, wuta ta ɗan ɗumama silin, turjiya ta canza. Ni ya taɓa ruɗa ni wata guda cur. Ki riƙa aika wutar a gajerun bugu. Sannan ki duba amon da ke cikin siginar. Fleming da Grimes a 1979 sun ga cewa da zarar igiyar ta fara tafiya, wani amo mai tsayayyar mita, wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, yakan fito, mitar tana ƙaruwa da saurin igiyar, kamar ƙarar mota a kan hanya mai gargada. Zafi ba ya wannan.

Ɗalibar Fiziks:
Na gode ƙwarai. To Malam, solitan ɗin da nake ji fa, nan ma yana ciki?

Tsohon Malami:
Yana kusa. Kin taɓa gyara babbar darduma? Ba a jan ta duka, ƙudundune ɗaya ake tayarwa a tura shi har ƙarshe. Igiyar ma takan gusa ta haka, gurɓi ɗaya a lokaci guda. Wannan ƙudundune mai tafiya shi ne solitan. Inda ya fi fitowa fili shi ne poliyasetilin, wata doguwar sarƙar atam ɗin kabon da haidurojin, wanda haɗin kabon ɗinsa ke tafiya dogo, gajere, dogo, gajere. Inda jerin ya juya akwai ƙulli mai yawo, wato solitan ɗin, Su da Schrieffer da Heeger suka bayyana shi a 1979. Abin mamakinsa, yakan ɗauki caji ba juyi, ko juyi ba caji, alhali ilektaron na ɗauke da duka biyun (juyi shi ne spin, ɗan maganaɗisun ilektaron). Amma fara gwada bugun nan tukuna, ki kawo mana abin da kika gani.