Harajin VAT a kan kayan hannu da muke sayarwa ta waya: wa ya taɓa cin karo da shi?

Mai Laftof, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk mai sayar da kayan hannu ta Facebook, WhatsApp ko Jiji ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa game da haraji, ban da jita-jita. Ni sana'ata sayen laftof daga hannun ɗalibai da ma'aikata, in gyara, in sa a status. Kwanan baya wata makarantar kuɗi ta nemi in kawo mata wasu, sai akawunsu ya ce ba zai biya ba sai da takardar ciniki mai lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, kuma in nuna VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, a jiki. Ga lissafin da ya tayar mini da hankali. Laftof ɗin da na saya naira 200,000 ina sayar da shi 230,000. In na ɗora kashi 7.5 cikin 100, ƙarin 17,250 ke nan, kuɗin ya koma 247,250, mai saye ya tafi shagon gaba. In kuma na ce zan haɗiye, fiye da rabin ribata ya tafi. Alhali wanda ya fara sayen laftof ɗin sabo ya riga ya biya haraji a kansa.

Akawu, Jega

Wa alaikumus salam Malam. Na sha zama da 'yan kasuwa a kan wannan tambayar. Abu na farko, VAT ba ruwansa da sabo ko tsoho, ciniki yake kallo da kuma wanda ya yi cinikin. An kafa shi da dokar soja ta 1993, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5, ya maye gurbin tsohon harajin sayar da kaya na jihohi. A Fabrairun 2020 aka kai shi 7.5. Akwai jerin abubuwan da aka yafe, irin su abincin yau da kullum da magunguna da littattafai, amma laftof ba ya ciki.

Sai dai dokar da ta ƙara kuɗin ita ce kuma ta sa iyaka a 2020: a lokacin, wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba, ba a ɗora masa karɓar VAT da kai rahoton wata-wata ba. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun bar 7.5 ɗin yadda yake, sun mayar da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta zama NRS, sun kuma ƙara sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne ciniki ake ƙirgawa, ba riba ba. Na ga mai sayar da wayoyi da ke rantsuwa bai taɓa riƙe miliyan biyu nasa na kansa ba, da muka buɗe bayanan asusunsa sai ga cinikin shekara ya haura miliyan 25, don miliyan biyu da ɗoriya a wata ya isa. Waya shida masu tsada ke nan.

Kukanka kuma yana kan hanya. Mai rajistar VAT da ya sayo kaya a kamfani yana cire VAT ɗin da ya biya daga wanda ya karɓa, ya kai wa hukuma ragowar. Kai kuwa a hannun ɗalibi ka saya, ba rasit, ba abin cirewa, don haka harajin ya hau kan kuɗin gaba ɗaya. Ni dai a ganina wannan bai yi wa masu kayan hannu adalci ba.

Hajiya Mai Gwanjo, Argungu

Ni ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa ce mini VAT, amma kada ku ɗauka ba na biyan komai. Dila nake sayowa daga Kofar Wambai a Kano, rigunan yara da labule da zannuwan gado. Tun daga tasha ake fara yankar mini tikiti, a hanya direba ya ce an tsayar da shi, ya ƙara a kuɗin mota. In dilar ta iso na kwance, na ware na sama da na tsakiya da tarkace, na wanke, na goge, 'yata ta ɗauki hoto a kan farin tayil ta ɗora. Da ta ce mu gwada biyan kuɗin talla a Facebook, a nan na fara ganin 7.5 ɗin da kuke faɗa a jikin rasit. Ga kuma naira 50 ɗin da ake cirewa in kuɗin da aka tura ta banki ya kai 10,000. Kwastomomina har sun saba, mai kayan 15,000 sai ta turo 9,000 sannan ta turo 6,000. Mai sayar da riga 1,500, hamsin-hamsin ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne a wajenta.

Akawu, Jega

Gaskiyarki Hajiya. Tun Janairun 2022 Facebook ke ɗora VAT a kan tallan masu talla daga Najeriya. Wannan na kuɗin tallan ne, ba na rigunanki ba.

Maman Biyu, Zuru

Ni ba 'yar kasuwa ba ce. Da aka yi wa maigidan canjin wajen aiki, na sa gadon yara da firji da kujerun falo a status, cikin mako suka ƙare. Sai maƙwabciyata ta ce yanzu duk kuɗin da ya shiga asusu gwamnati za ta yanki nata. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, don kuɗin haya za mu biya da su. Har yau dai ba abin da aka cire mini in ban da kuɗin banki da aka saba. Yaya Akawu, irina ma ana binmu wani abu?

Akawu, Jega

Ki kwantar da hankalinki ƙanwata. Kin sayar da kayan ɗakinki, kuma na tabbata ƙasa da yadda kika saye su. Ba sana'a kika buɗe ba, ba riba kika ci ba, kuma kuɗin bai ko kusa da iyakar da na faɗa ba. Wadda ya kamata ta fara rubutu ita ce wadda ta ji daɗin cinikin har ta koma bin gidaje tana sayen firji don ta sayar.

Malamin Islamiyya, Bunza

Wannan rarrabewar mun san ta a fiƙihu tun kafin zancen VAT. A mazhabar Malikiyya kayan da mutum ya ajiye don amfanin kansa ba a fitar musu da zakka, amma wanda ya saya da niyyar kasuwanci yana juyawa, in shekara ta zagayo zai ƙimanta kayan ya fitar da ɗaya bisa arba'in in sun kai nisabi. Ni ma ina sayar da tsofaffin littattafai ta waya, kuma littafin da nake rubuta lissafin zakka shi ne zan nuna in an tambaye ni cinikina.

Ɗan Kamba

Malam Mai Laftof, naka da sauƙi. Ni ta kasuwar intanet ta eBay nake saye, ƙanina da ke karatu a Amurka yake karɓa ya haɗa ya turo. Can ma ba a kyale kayan hannu ba. Tun da Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci a 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, jihohi suka sami damar bin masu sayarwa ta intanet, yanzu eBay da kansa yake ɗora harajin gwargwadon adireshin da za a kai kayan, ko da mai sayarwar wani tsoho ne da ya fito da kwamfutarsa ɗaya daga sito. Shi ya sa masu irin sana'armu ke neman adireshin kamfanonin jigila a jihar Delaware ko Oregon, inda babu harajin sayar da kaya. In kayan suka sauka Legas kuma ga kwastan na jira. Kafin laftof ɗaya ya iso Kamba an tatse shi kamar saniyar da ba ta da mai ita, kuma a ƙarshe ɗalibin da ya tara kuɗin aljihunsa shi ke biya.

'Yar Yauri a Ingila

Abin da Yaya Akawu ya ce bai yi adalci ba, a nan an yi masa magani. Ɗan kasuwa mai rajista da ya sayi kayan hannu a wajen mutum yana iya biyan VAT a kan bambancin kuɗin saye da na sayarwa kawai, kashi ɗaya cikin shida na bambancin, muddin yana da cikakken littafin shiga da fita. Da haka ake yi a gida, da kashi 7.5 ɗinmu, Malam Mai Laftof 2,250 zai biya a kan ribarsa ta 30,000, ba 17,250 ba. Amma sa ido ya fi na gida tsanani. Tun Janairun 2024 manhajoji irin su Vinted da eBay ke tattara bayanan duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya haura yuro 2,000 a shekara don miƙa wa hukumar haraji. Ni kayan da yarana suka girme nake sayarwa, kuma sai da aka nemi in shigar da lambata ta haraji. Ba a caje ni ko kwabo ba, tunda kayan gidana ne.

Dillalin Babura, Koko

Ni tawa matsalar daban ce. Babur ba nawa ba ne, mai shi zai kawo, in ɗauki bidiyo in tayar da injin a ji ƙararsa, in ɗora. Mai saye daga Dakingari ko Bagudo ni ya sani, don haka asusuna yake turo kuɗin, in cire la'adata in tura wa mai babur sauran. Wanda ya kalli asusuna zai ɗauka ni attajiri ne, alhali in na samu 15,000 a kan babur na gode Allah. In aka zo ƙirga ciniki, na wa za a ƙirga?

Akawu, Jega

Alhaji, abin da ya zama naka la'ada ce, amma sai ka iya nuna hakan. Ka buɗe asusu dabam na dillancin, kada ka haɗa shi da na cefane. Kowane babur ka rubuta ranar da aka kawo shi, lambar injin, sunan mai shi, nawa aka sayar, nawa ka cire, ka sa ya sa hannu ko ya dangwala. Wajen tura masa kuɗin kuma ka rubuta a gurbin bayani cewa kuɗin babur kaza ne. In mai saye zai yarda, ka ba shi lambar asusun mai babur kai tsaye, kai kuma a turo maka la'adarka kaɗai.