Barcin Zomo: musayar baitoci kan rashin wurin kwana

Mai Kwali:
Assalamu alaikum. Yau 10 ga Oktoba, ranar marasa matsuguni ta duniya, wadda aka fara tun 2010. Ni ma a rediyon wani na tsinci labarin. Wata bakwai ke nan ba ni da ɗaki. Ga nawa, mai iyawa ya amsa.

Da sunan Wanda ba ya barci na fara,
Shi kaɗai ya san inda zan sa haƙarƙarina.

Magariba in ta yi kowa gida ya nufa,
Ni kuwa sai in fara lissafin makwancina.

Inda babu iska, can sauro ya yi sansani,
Inda babu sauro, ɗari ke cin ƙasusuwana.

Inda haske yake, mai gadi zai tashe ni,
Inda duhu yake, ɓarawo ne maƙwabcina.

Takalmi matashin kai, jaka ɗaure a ƙugu,
Waya cikin wando, a kanta nake kwana.

Barcin zomo nake, kunne yana tsaye,
Takun ƙafa kaɗan ya isa ya buɗe idona.

Da asuba in naɗe kwali in ɓoye bayan katanga,
In wani ya riga ni, to ya tafi da gadona.

Abin da ya fi yunwa, a wuce ka kamar turke,
Kwana uku ban ji wanda ya kira sunana.

Mai Albashi:
Ƙanena, baitin ya yi daɗi. Amma bari in faɗa maka gaskiya ko da ɗaci.

Na ji kukanka kuma na tausaya,
Sai dai ƙarfi yana nan a damtsenka.

Mai lafiya ba ya rasa abin taɓawa,
Tashi ka nema, rabo yana jiranka.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune,
Ka ari barcinsa, ari gudunsa ya fisshe ka.

Mai Kwali:
Yaya, ban ƙi taka ba, amma saurara,
Ba zaman banza ya raba ni da ɗaki ba.

Dako nake, ciwo ya kwantar da ni wata biyu,
Haya ta taru, mai gida bai jira ni ba.

Na dawo daga asibiti na tarar da kwaɗo,
Kayana a waje, rabinsu ban gani ba.

Na je neman aiki an miƙo takarda,
Layi na uku adireshi, ban cike ba.

Sun ce to kawo katin shaida,
Yana jakar da aka sace, ban same ta ba.

Na je a sake kati, sun ce ina kake zaune?
Na je neman ɗaki, sun ce ba mu ga albashi ba.

Ranar ganawa na wanke riga da dare,
Gari ya waye rigar ba ta bushe ba.

Na sa ta da danshi na shiga layi,
Mai ɗauka ya toshe hanci, bai dube ni ba.

Uwar Biyu:
Ku matsa in sa baki. Ku maza kuna ta sauro da sanyi. Ni na yi shekara ɗaya da wata huɗu da yara biyu kafin Allah ya ba mu ɗaki. Ban iya waƙa ba, ku yi haƙuri da karayar.

Namiji in ya kwanta kaya yake tsaro,
Mace in ta kwanta kanta take karewa.

Nakan sa yara tsakanina da bango,
In zauna a jingine har gari ya soma wayewa.

In la'asar ta wuce ba na shan ruwa,
Don dare in ya tsala babu wurin zagawa.

In al'ada ta zo, wannan ba a faɗa,
Tsumma da kunya da neman wurin wankewa.

Kwana uku gidan 'yar'uwa, huɗu gidan ƙawa,
Daga nan fuska takan fara sauyawa.

Ba a ce mu tafi ba, ƙofa ake bugawa da ƙarfi,
Mai hankali ya san ma'anar bugawa.

Malama ta ce kowa ya zana gidansu,
Babbar ta zana ni da jaka, ta ce ta gama zanawa.

Baba Mai Gadi:
'Ya'yana, tunda an ambaci mai gadi, ga ni.

Ni ne mai tocilan ɗin da kuke tsoro,
An ce in kore ku, in na ƙi a kore ni.

Nakan yi tari tun daga nesa ku shirya,
In na haska sama, ku san ba ku nake nema ba ni.

Ɗakin da nake kwana na aikin ne,
Ranar da aka sallame ni, kwalinku zai karɓe ni.

Mai Albashi:
Baki ya yi gaba, hankali yana baya,
Ku yafe ni, ban auna maganata ba.

Sai dai ina tambaya, masu shaye-shaye fa?
A ba su ɗaki alhali ba su daina ba?

Tsohon Malami:
Ɗana, wannan tambayar an daɗe ana gardama a kanta. Tsohon tsari shi ne mutum ya daina shaye-shaye, ya karɓi magani, ya nuna ya shiryu, sannan a ba shi ɗaki, kuma da yawa a hanya suke faɗuwa. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya juya abin a birnin Niyok na Amurka: a fara ba da gida, magani da sauran taimako su biyo baya. Ƙasar Finlan ta mai da shi tsarin ƙasa a 2008, ta sauya manyan ɗakunan kwanan agaji zuwa gidajen zama, mutum ya sa hannu a takardar haya da sunansa, kuma masu daɗewa a titi suka ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo. Sashe na 25 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ma ya jera muhalli tare da abinci da sutura da magani. Rubutawa dai ba wuya.

Wani don ya sha ne ya rasa ɗaki,
Wani rashin ɗakin ya kai shi ga ƙwaya.

Wani na sha don dare ya yi gajere,
Wani don kar barci ya kayar da shi a hanya.

Likita ya ba da maganin wata guda,
Ruwan sama ya jiƙa shi a dare ɗaya.

Ka ba shi makulli tukuna ka gani,
Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Uwar Biyu:
Makullin nan, Baba, ka taɓo mini wurin.

Daren farko na kulle na buɗe sau bakwai,
Don kawai in ji ƙararsa yana juyawa.

Ga katifa, amma a bakin ƙofa na kwana,
Da takalmi a ƙafa, jiki ya ƙi sakewa.

Har yau in an taɓa ƙofar maƙwabta,
Kan jaka hannuna yake fara kaiwa.

Mai Kwali, ɗana, duk takardar da ta rage maka ka ɗauki hotonta ka tura wa wanda ka yarda da shi, ita kuma ka naɗe ta a leda biyu. Ka kula da ƙafa: safa busasshiya ta fi maka riga ta biyu amfani, don in ƙafa ta ruɓe dakon ma ya tsaya.

Mai Albashi:
Ƙanena, in layi na uku ne matsalar, ka rubuta nawa adireshin. Ka yi mini magana ta gefe gobe, mu je wajen katin tare.

Mai Kwali:
Yaya na gode, gobe zan neme ka,
Umma na ji, zan ninka leda kan takarduna.

Baba Mai Gadi, daga yau in na ji tari,
Zan ce sannu da aiki kafin in kwashi kayana.

Yanzu hadari ya haɗo, iska ta taso,
Saura kashi huɗu, in ji batirina.

Akwai wata rumfa mai ɗaukar mutum uku,
Mu biyar muka san ta, bari in ɗau kwalina.