Gansakuka ta rufe mani dutsen ruwan gishiri: in sa bilic ko in rufe robar?

Abu Ƙofar Kaura: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin haɗa akwatin kifi na ruwan teku, irin mai murjani. Na sayo dutse kilo 15 daga Legas, a jiƙe ya zo, wanda suke ce wa mai rai, har da shuni-shuni a jikinshi. Na zuba shi a babbar roba da ruwan gishiri, ma'aunin yawan gishiri na nuna 1.025, famfo na juya ruwan. Robar tana baranda, rana na taɓa ta da hantsi, ruwan kuma na burtsatsen gida ne. An shiga sati na uku, ga gashi kore ya fito ko'ina, wani wajen kuma kamar an barbaɗa ƙura ruwan ƙasa. In jiƙa shi a bilic in faro daga farko, ko in rufe robar in ci gaba? Kuɗin dutsen nan ba kaɗan ba ne.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Bilic kawai. Kwana ɗaya, ka ɗauraye, ka shanya a rana. Haka nake wa tankina duk lokacin da zan zuba sabbin 'ya'yan tarwaɗa.

Ɗan Daura: Jefa karfasa biyu a ciki, kafin la'asar sun yi mashi aski 😂

Injiniya Mus'ab: Don Allah a riƙa karanta tambaya. Ya ce dutsen mai rai ne. Abin da ya biya kuɗi dominshi shi ne ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin ramukan dutsen, su ke mayar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓa, zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret. Bilic zai kashe su kaf, ya bar shi da busasshen dutse a farashin mai rai. Malam Abu, gansakuka haske take so da abinci, wato fosfet da naitiret, kuma abubuwan da suka mutu a jikin dutsen a hanya su ke ba ta abincin. Ka mayar da robar ɗaki, ka rufe ta da baƙar leda amma ka bar kafar iska, bakteriya ba ruwansu da haske. Ka goge gashin da burushi a bokiti daban na ruwan gishiri, ba ruwan famfo ba. Ƙurar nan ruwan ƙasa kuwa ita ma wata irin gansakuka ce, silika take ci, wato sinadarin yashi, ga silikar a ruwan burtsatse, ga ta a ƙurar hunturu. Nemi ruwan RO, wato wanda inji ya tace ya cire ma'adinan cikinshi, har mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ta nuna 0. Sati 4 zuwa 6 ake yi, sai amoniya da naitirait sun koma sifili.

Alhaji Na-Jidda: Ɗana Abu, ka saurare ni. Na zauna Jidda shekaru, na ga murjanin Bahar Maliya da idona, shi ya sa da na dawo Katsina na ce sai na yi nawa a falo. Duk abin da Injiniya ya faɗa na yi. Na rufe dutse a duhu har ya yi fes. Ranar da na sa shi a gilashi na kunna fitila, ba a yi sati biyu ba gashin ya dawo, ya fi na da tsawo. Ashe wanda ya sayar mani busasshen dutse ya jiƙa ya ce mai rai ne, fosfet ɗin da ke cikinshi yana ta tsatstsafowa. Na yi ta canjin ruwa, gishiri na ƙarewa. Da na fara ganin haske sai ga Afrilu. Taransifomar unguwarmu ta ƙone. Murjani digiri 25 zuwa 26 yake so, ruwana ya haura 32. Ina aiken yara sayen ƙanƙara, ina ɗaure ta a leda ina jefawa, janareta na ta kuka har maƙwabta suka fara gaisuwa da ɗaure fuska. Murjanin ya yi fari fat, kifayen nan biyu masu ratsin fari da ruwan lemo na tsince su da asuba a bayan dutse. Warin da falon ya yi, Hajiya ta ce ko ni ko gilashin. Yanzu kwanukan tangaran ɗinta ne jere a ciki. Mai gansakuka ai mai arziki ne, tukuna dai.

Maman Ummi: Allah sarki Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma Hajiya ta samu shokes 😄

Ɗan Daura: Nawa gishirin ma? An ce mani bokitin ya kai dubu 150.

Injiniya Mus'ab: Wa ya ce? Dubu 90 na saya.

Alhaji Na-Jidda: Yaushe? Tun dala tana nawa? Wani ya kira mani 200 kwanan nan, ban da kuɗin mota.

Baban Khalifa: Gishiri dubu 200? Ga buhu nan a babbar kasuwa. Ni da shi nake wa tarwaɗa magani.

Injiniya Mus'ab: Baban Khalifa, gishirin miya ba ya da kalsiyam da magniziyam da kabonet ɗin da murjani ke gina jikinshi da su. Na teku ana sa kusan giram 35 a kowace lita. Kiwon tarwaɗa daban, wannan daban.

Baban Khalifa: Ni kifina yana biyan kuɗin makarantar yara. Kai naka a YouTube yake. Turo mana hoton akwatinka mu gani.

Injiniya Mus'ab: Dutsena na cikin duro, wata na biyu ke nan, ko ɗigon kore babu.

Alhaji Na-Jidda: Nawa ma haka yake a duro, yaro. Ka kunna fitila tukuna sannan ka zo mu yi magana.

Maman Ummi: Ni tambayata, duk duwatsun da ke hanyar Dutsin-Ma ba za su yi ba sai na Legas?

Injiniya Mus'ab: Hajiya, namu dutsen kwari ne, a toshe yake, ba ramukan da bakteriya za su zauna. Na teku farar ƙasa ce, in kika ɗiga mashi binega sai ya yi kumfa. Jar marmara kuma kar ma a fara, ƙarfe ne cikinta, gansakuka na son shi.

Abu Ƙofar Kaura: Na gode duka. To idan na rufe, shunin nan zai mutu? Kuma ruwan da ke raguwa saboda zafi, da na gishiri zan cika?

Injiniya Mus'ab: Shunin zai koɗe amma yana dawowa. Cikawa da ruwa zalla, gishiri ba ya bin tururi.

Ɗan Daura: Ni abin da ke ba ni mamaki, ya aka yi dutsen ya iso da rai? Direbobin nan? Na yi odar batirin inbata daga Legas, suka sauke shi a Kano, ya kwana uku a tasha, sannan yaron mota ya ce sai na ƙara kuɗin lodi kafin ya taho Daura.

Alhaji Na-Jidda: Ni kwalin fitilata buhun albasa suka ɗora mashi. Da na yi magana direban ya ce ai ban rubuta gilashi ba.

Baban Khalifa: Ku naku kaya ne. Ni 'ya'yan kifi aka bar mani a rana a jarka, rabi suka mutu, shugaban tasha ya ce in yi haƙuri. Akwai wanda ke da lambar direba mai amana da ke zuwa Katsina kai tsaye?