Neman kalmar Hausa: me za mu kira "adult contemporary" a gidan rediyo?

Assalamu alaikum abokan aiki da masu kishin harshe. Kalmar da nake so mu nema wa suna ita ce adult contemporary, wadda ake taƙaita ta da AC a takardun tsarin shirye-shirye, wato tsarin tashar rediyo mai sa waƙoƙi masu taushi, sababbi da tsofaffi, domin waɗanda suka wuce ƙuruciya. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tsara waƙoƙi a nan Jos ko a Abuja ya sha jin ta. Manaja zai ce tasharmu AC ce, mai talla ya gyaɗa kai, amma da za a ce wa mai gabatar da shirin Hausa ya faɗa wa jama'a irin tashar da suke sauraro, iyakarsa ya ce ta kaɗe-kaɗe ce. Wannan bai wadatar ba, domin tashar da ke sa waƙoƙin samari tun safe har dare ita ma ta kaɗe-kaɗe ce.

Abin daga Amurka ya samo asali. A 1961 mujallar Billboard ta buɗe jadawalin waƙoƙi masu taushi da sunan Easy Listening, saboda tashoshin da ba sa son hayaniyar kiɗan da matasa suka runguma a lokacin. A 1979 jadawalin ya koma Adult Contemporary. Mutanen da ake hari su ne 'yan shekara 25 zuwa 54, musamman mata, domin su ne masu albashi da cefane, su kuma masu talla ke bi. A cikin sa'a guda za ka ji sabbin waƙoƙi kaɗan, sai waɗanda suka yi tashe bara ko bara waccan, ragowar kuma tsofaffi ne da kowa ya haddace. Ba a son abin da zai firgita kunne. Ana so tela ya kunna rediyo da safe, ya yi ta ɗinki har la'asar bai miƙa hannu ya canja tasha ba.

To, ga shawarwarin da suka shigo, ga kuma abin da na gani game da su.

Wadda ta fara zuwa ita ce "waƙoƙin manya na zamani". Na san dalilin da ya sa ta riga kowa zuwa baki, amma "manya" tana da fuska fiye da ɗaya. Akwai manyan gari, masu mulki da masu kuɗi. Akwai kuma abin da ake nufi idan aka ce fim na manya ne, a fitar da yara daga ɗaki. Tashar da duk burinta uwa ta kunna ta a mota tana kai yara makaranta ba tare da ta yi saurin rage murya ba, bai dace sunanta ya jawo wannan zato ba.

Ƙanena ɗalibin jami'a da ya kawo "baligai", sannu da ƙoƙari, amma wannan kalmar fiƙihu ce. Yaro ɗan shekara 15 baligi ne, shi ne kuwa ainihin wanda tashar ba ta nema.

Wani Baba da ya daɗe yana aikin rediyo tun zamanin faifan garmaho ya ce a kira shi "kiɗan dattawa". Baba, Allah ya ƙara girma, a nan zan ɗan tsaya, domin shawararku ta taɓo babbar matsalar aikin. Malamar asibiti 'yar shekara talatin ba za ta yarda a kira ta dattijuwa ba, alhali ita ce tsakiyar masu sauraron da ake magana. Abin da ya fi damuna ma shi ne abin da sunan zai sa mai tsara waƙoƙi ya yi. Da zarar an ce dattawa, hannunsa zai tafi kai tsaye ga kalangu da kuntigi da kukuma, ya cika sa'a da su, ya ce ya gama aiki. Wannan kuwa wani tsari ne daban, wanda muka riga muka san shi da "tuna baya", kuma sunan ya zauna masa daram.

Ku duba tazarar da ke tsakanin 25 da 54. Wanda aka haifa a farkon shekarun 1970 ya tashi da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, da waƙoƙin finafinan Indiya a silima, da rege da kiɗan Kwango a bukukuwa. Ya ga Ɗan Maraya Jos da idonsa kafin rasuwarsa a 2015, ya kuma tuna ranar da aka yi shelar rasuwar Mamman Shata a 1999. Wanda aka haifa a shekarar da Shata ya rasu kuwa, shi ma yanzu ya shiga wannan rukuni, kuma waƙoƙinsa a waya ya same su, ana tura masa daga wannan waya zuwa waccan. A tsakaninsu ga matar da aka haifa a 1985. Tana da shekara 15 a 2000, lokacin da kaset-kaset na waƙoƙin finafinan Hausa suka cika kasuwa. Yau tana da 'ya'ya a sakandare, kuma waƙar da za ta tsayar da ita cak a tsakar gida ita ce ta fiyano, irin wadda iyayenta suka riƙa kira nanaye suna tsaki. A wurinta wannan ce tsohuwar zumar da ake magani da ita. Yawancin tashoshinmu sun manta da wannan mata. Suna ɗauka babba sai gargajiya, yaro sai sabon yayi, ita kuma an bar ta a tsakiya ba mai kula ta. Shi tsarin AC kullum tafiya yake yi. Duk bayan 'yan shekaru sai an sauke wasu waƙoƙi daga can baya, an ɗauko wasu daga gaba, domin masu sauraron da kansu suna sauyawa. Sunan da zai daskarar da shi a zamani guda bai yi ba.

Kuma ba za mu iya kwafo jerin waƙoƙin Amurka mu huta ba. Dokar hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, ta ce kashi 80 cikin 100 na kiɗan da ake sawa a rediyo ya zama na gida Najeriya. Dole mu gina namu rumbun, kuma a nan ake shan wuya. Agogon Turawa, wato yadda suke raba sa'a tsakanin waƙoƙi da talla, an yanka shi ne bisa waƙar minti uku zuwa huɗu, mu kuwa makaɗan gargajiyarmu sukan haura minti goma ba su kai rabin zance ba. In ka yanke waƙar kafin a ambaci wanda aka yi wa, ka ɓata wa masu ita rai. In ka bar ta ta ƙare, lokacin talla ya wuce. Ga tsofaffin kaset masu shuu a ƙarƙashin murya, waɗanda idan ka jera su da sabuwar waƙar situdiyo sai mai sauraro ya ɗauka rediyonsa ne ya lalace. Ga kuma waƙoƙin siyasa, da yawansu masu daɗin kiɗa, waɗanda sa ɗaya daga cikinsu kan raba shago guda gida biyu.

Wani ɗan'uwa daga Bukuru ya ce "waƙoƙin magidanta". Kafin in buɗe baki wata Hajiya ta riga ni, ta ce to matan fa? Hajiya, kin gama magana. Magidanci namiji ne, tsarin kuwa mata ya fi nema.

"Sanyaya zuciya" da "kwantar da hankali" suna da daɗin faɗa, kuma da Easy Listening muke nema wa suna da sun wadatar. Sai dai sauti kawai suka siffanta, ba su ce komai game da mai sauraro ko zamanin waƙar ba. Shi kuma tsarin yana da rassa. Akwai mai taushi ƙwarai, akwai wanda ya fi karkata ga sabbin waƙoƙi masu ɗan motsi, wanda Turawa ke kira Hot AC. Idan muka kira uwar da sanyi, reshe mai zafi ya rasa wurin zama.

Shawarar da ta fi jan hankalina ita ce ta wani Malam mai koyar da Hausa, wanda ya kawo "waƙoƙin kamala". Malam, Allah ya ƙara ilimi, na jima ina juya ta. Kamala ta ƙunshi girma da natsuwa da tsabtar harshe, duka abubuwan da tashar ke nema. Abu biyu suka hana ni. Na farko, idan waɗannan ne na kamala, me muka ce da sauran? Matasan mawaƙanmu za su ji an zage su, kuma su ne gobe za mu sa waƙoƙinsu a wannan tasha ɗin. Na biyu ya shafi garinmu. A Jos Hausa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Birom da Jarawa da Anaguta da Angas da ita suke ciniki a Taminus da Farin Gada, da ita ake waƙa a coci-coci da dama. Mai sauraro irin wannan idan ya ji "kamala" zai iya ɗauka shirin wa'azi ne. Muna buƙatar kalmar da mai keke daga Gangare da mai sayar da dankali daga Vom za su gane a ji na farko.

Abin da na tsaya a kai shi ne jiya-da-yau.

Dalilina na farko a fili yake: abin da ke cikin sa'ar ke nan, waƙar jiya kusa da waƙar yau, ba shekaranjiya can mai nisa ba, ba kuma yau zalla ba. Dalili na biyu shi ne wanda ya sa na ƙi sakin ta. Idan Bahaushe yana so ya ce mutum ya girma, ya san duniya, cewa yake yi ya ga jiya ya ga yau. Ba ya nufin tsoho tukuf, kuma ba ya ware mace. 'Yar shekara talatin da biyar da ta yi aure, ta yi aiki, ta yi jinya, ta ga jiya ta ga yau. Ke nan kalma ɗaya ta ɗauki waƙar ta kuma ɗauki mai sauraronta, ba tare da mun ambaci shekarun kowa ba. Sannan tana tafiya da zamani, domin abin da yake yau a bana, baɗi ya zama jiya.

Ku gwada ta a baki. "Tasharmu ta jiya-da-yau ce." "An ɗauke shi aikin tsara waƙoƙin jiya-da-yau." "Wannan waƙa ta yi hayaniya da yawa, ba ta shiga jiya-da-yau ba." Rassan ma sun samu wuri: jiya-da-yau mai sanyi, jiya-da-yau mai zafi. A rubuce ina ganin a sa mata karan ɗori, domin a bambanta ta da jiya da yau na zancen yau da kullum.

Wata Anti mai aiki a Abuja ta ce ai duk tashar da ta gauraya tsoho da sabo za ta iya kiran kanta haka, ko da kiɗan nata na gidan rawa ne. Anti, gaskiyarki, kalmar ba ta faɗi taushi ƙarara ba. Amma ta Turancin ma ba ta faɗa ba, amfani ne ya cusa mata wannan ma'ana a tsawon shekaru. Idan tashoshin da suka ɗauki sunan suka riƙe tsarin, kunnen jama'a zai haɗa su. Wani kuma ya ce ya sha jin shirye-shirye masu suna kusa da wannan. A ganina wannan taimako ne, domin kunne ya riga ya saba.

Akwai inda sunan zai yi mana aiki fiye da yadda na Turanci ya yi wa masu shi. A Amurka tashoshin AC da yawa sukan koma waƙoƙin Kirsimeti zalla tun daga watan Nuwamba. Mai tsara waƙoƙi a Jos ba shi da wannan sauƙi. Yana da watan azumi, lokacin da masu sauraro da yawa ke son a sassauta kiɗa a ƙara bege, yana kuma da Disamba, lokacin da waƙoƙin zumuntar mata da na ƙungiyoyin mawaƙan coci ke tashe. Duka ɓangarorin biyu nasa ne, kuma kowane yana da nasa jiya da nasa yau. Sunan bai jingina da addini ko ƙabila ba, don haka ba sai an sauya shi da sauyawar wata ba.

Tun da muna kai, ga wata ƙarama da nake ganin ba ta buƙatar gardama. Abin da Turawa ke kira burn, wato a yi ta maimaita waƙa har mutane su gaji da ita, mu ce ta ginsa. A can suna auna wannan da bincike. Sukan kira mutane a waya ko su tara su a zaure, a sa musu 'yan daƙiƙoƙi daga amshin kowace waƙa, su faɗi wadda suke so da wadda ta ishe su. Mu a nan galibi da masu bugo waya muke dogara, su kuwa mutane ne ƙalilan da ke kira kullum suna neman waƙa guda. Mai shagon da waƙar ta ginsa ba ya bugowa, canja tasha kawai yake yi. Saboda haka ko littafi ne a ajiye a situdiyo, a riƙa rubuta waƙar da aka sa da lokacin da aka sa ta, kada mai shirin safe da na rana da na yamma su sa abu guda a yini ɗaya.

Wadda ta rage ita ce rotation, yawan dawowar waƙa a cikin yini ko mako. An kawo "karɓa-karɓa", amma siyasa ta riga ta mallake ta, kowa zai tuna mulki. Ni na fi karkata ga "zagaye", a ce waƙa tana babban zagaye ko ƙaramin zagaye. Malam da Baba, ina jiran ra'ayinku a kan wannan kafin mu shigar da ita takardar horar da sabbin ma'aikata.