Wa ya taɓa barin madara saboda ƙurajen fuska? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Tauraruwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 31, amma fuskata ta ƙi yarda cewa na girma. Lokacin da sa'annina ke fama da ƙurajen balaga ni fuskata sumul take, sai da na haye 27 suka yi min sallama. Kuma ba ƙananan nan na goshi ba ne, manya ne masu zafi a haɓa da gefen muƙamuƙi. Ɗaya sai ya yi sati biyu a cikin fata bai kawo baki ba, in ya tafi ya bar min baƙin tabon da zai yi wata uku. Na gaji da shafe-shafe. Wata abokiyar aikina ta ce in bar madara da duk danginta zan ga canji. Ni kuwa da madara nake karyawa, da yogot nake kwanciya. Kafin in azabtar da kaina ina so in ji daga bakin waɗanda suka gwada: me kuka bari, tsawon wane lokaci, me kuka gani? Don Allah wanda abin bai yi masa aiki ba shi ma ya faɗa, kada masu nasara kaɗai su cika wurin.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ya yi min, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Bayan haihuwata ta biyu na shiga rage ƙiba, na koma shan madarar nan da aka cire wa kitse, kofi biyu ko uku kullum, ina ganin lafiya nake yi wa kaina. A wannan shekarar fuskata ta birkice. Da na daina, sati uku na farko ban ga komai ba, har sababbi biyu suka fito kamar suna yi min gwalo. Saura ƙiris in fasa. Sai wajen sati na shida na lura cewa na kwana goma ban ji wannan tsukun da ke zuwa kafin ƙurji ya ɓullo ba. Da na cika sati goma sai na ce bari in tabbatar, na koma sha da gangan na tsawon sati biyu. Suka dawo. Na sake bari, suka lafa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne cuku da yogot ba sa yi min komai, har yau ina ci. Madarar sha ce kawai ba ma shiri. Kuma ba wai sun ƙare ba ne, har yanzu ɗaya kan leƙo kafin al'ada, amma ina ɗaya ina bakwai?

Ɗan Ƙarfe:
Nawa ba a fuska ba ne sosai, a baya da kafaɗu ne, har na daina cire riga a wurin motsa jiki. Garin furotin da muke sha don gina jiki ne ya ja min, wanda ake yi da ruwan da ke tsatsowa daga madara idan ana yin cuku. Ludayi biyu nake sha a rana. Na canza zuwa na wake, cikin wata biyu bayana ya kwanta. Madara a shayi kuwa ban taɓa bari ba. Duk wanda ke shan irin wannan garin, da shi zai fara kafin ya zargi kofin shayinsa.

Gimbiya:
To ga wadda kika ce ta yi magana. Wata huɗu cur na yi. Ba madara, ba cuku, ba yogot, ba aiskirim, har biskit sai na juya bayan leda na karanta ko da garin madara a ciki. Ko ƙurji ɗaya bai ragu ba. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wadda na gaya wa sai ta ce ai wataƙila akwai inda nake ci ban sani ba, wato laifin dai nawa ne. Na zama mai tsoron abinci, in an gayyace ni cin abinci sai in ƙirƙiro uzuri. Daga ƙarshe na je wurin likitan fata, tambayarta ta farko ba kan abinci ba ce, cewa ta yi yaya al'adata take. Na ce takan yi wata biyu ba ta zo ba. Ta dubi 'yan gashin da ke fito min a haɓa, ta tura ni gwajin jini da hoton ciki. Ashe matsalar nan ce ta ƙwan mace da ake kira PCOS, homon ɗin maza ya yi min yawa, shi ke sa fata tsatso da maiƙo. Ta ɗora ni a kan sifironolakton, ta kuma ja min kunne cewa ba a ɗaukar ciki a kansa. Wata uku fuskata ta dawo hayyacinta, ina shan madarata. Tauraruwa, inda kika ce naki suke fitowa, haɓa da muƙamuƙi, nan nawa suke. Ban ce ciwonmu ɗaya ba, amma ki duba kalandarki.

Tauraruwa:
Anti Gimbiya, tawa tana zuwa a kan lokaci, sai dai gaskiya sun fi tsananta sati guda kafin ta zo.

Anti Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na gwada a kaina, sai na samu sauƙi kaɗan wanda ba zan iya rantsuwa cewa madarar ce ba. Wannan ya sa na zauna na bi diddigin maganar, bari in ɗan tsawaita.

Asalin zancen ya yi ƙarfi ne a 2005, lokacin da masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar da sakamakon tambayar da aka yi wa ma'aikatan jinya mata 47,355 kan abin da suke ci lokacin da suke sakandare. Waɗanda suka fi shan madara sun fi ba da labarin ƙuraje masu tsanani, kuma alaƙar ta fi ƙarfi a madarar da aka cire wa kitse, daidai da abin da Maman Biyu ta gani. Amma ku lura, manyan mata aka ce su tuno abincin da suka ci shekaru da dama baya. Ni ko na makon jiya ba na iya kawowa daidai. A 2018 aka tattara bincike 14 da suka ƙunshi mutum 78,529 masu shekara 7 zuwa 30, aka ga masu cin kayan madara sun ɗan fi samun ƙuraje. Sai a 2020 wani bincike a Faransa kan manya 24,452 ya sake nuna alaƙa da madara, tare da lemon zaƙi da abinci mai kitse da sukari. To amma a 2018 ɗin dai, wani nazari a Denmak kan manya fiye da 20,000 bai ga wata alaƙa ba. Duk waɗannan kallon mutane aka yi ana lissafi, kuma tafiya tare ba ta nuna wane ne ya haifi wane.

Dalilin da ya sa ake zargin madara yana da ma'ana. Abinci ne da aka yi don ɗan maraƙi ya girma da sauri, saboda haka tana ɗaga insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, fiye da yadda sukarin cikinta zai sa a yi tsammani, tana kuma ɗaga wani sinadarin girma mai suna IGF-1. Su biyun suna zuga ƙofofin fata su ƙara maiƙo, ƙwayoyin fata su yawaita su toshe ƙofar, sai ƙwayar cutar da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin sha'ani. Furotin ɗin da Ɗan Ƙarfe ya ambata yana cikin waɗanda suka fi zuga insulin, shi ya sa labarinsa bai ba ni mamaki ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne lokaci. Ƙurjin da kika gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙarƙashin fata. Ko maganin likita sai an ba shi sati 8 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci. Mai cewa ta bar madara kwana uku fuska ta washe, wani abin ne daban ya faru.

Baƙon Dare:
Anti Nas ta taɓo inda nake. Ni ma na yi ta yaɗa cewa barin madara ya warkar da ni, har na hana ƙanwata sha. Sai wata rana na zauna na lissafa abin da na bari a zahiri: aiskirim kusan kullum da dare, kek, cakulan, da madarar gwangwani mai kauri wadda kusan rabinta sukari ne. Ashe da sunan barin madara na bar zaƙi ne. Na dawo da madara zalla ba sukari, wata biyar ke nan, ƙalau. Ranar da na yi bikin zaƙi kuwa fuskata ke kai ƙarata. Kuma na ga wani gwaji da aka yi a Ostireliya a 2007, inda aka raba samari 43 gida biyu na tsawon sati 12. Waɗanda aka ɗora kan abincin da ba ya ɗaga sukarin jini da sauri, ƙurajensu sun fi raguwa. Wannan gwaji ne na gaske, ba tambayar me ka tuna ba.

Fara'a:
Kada ki ɓata kuɗinki a madarar da aka rubuta an cire mata laktos. Na yi wannan kuskuren. Sukarin madarar kawai aka narkar saboda masu kumburin ciki, furotin ɗin yana nan daram. Cikina ya ji daɗi, fuskata ba ta san an yi ba.

Maman Biyu:
Haka ne Fara'a. Kuma ta kula da abin da za ta maye gurbi da shi, wasu madarar waken suya da ta almon sukari ne fal a ciki. A nemi wadda ba a sa wa zaƙi ba.

Sabuwar Uwa:
Ni ina shayarwa na so in gwada, likitata ta ce in dakata tukuna, ko kuma in zo mu tsara abin da zai cike gurbin. Babban mutum yana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 a rana, kofin madara ɗaya kuwa yana ba da kusan 300. Ga aidin da bitamin B12 da mutane da yawa ke samu daga madara ba su sani ba. Ta ce in zan bari sai in dage da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da ganyayyaki, da madarar tsirrai da aka ƙara wa kalsiyam. Na ga abin ya yi min yawa da jariri a hannu, na haƙura. Wani abin da ta faɗa min da ban taɓa ji ba: ƙwayar B12 mai ƙarfi sosai ita kanta takan fito wa wasu da ƙuraje. Kada mutum ya gudu daga madara ya faɗa can.

Inuwa Mai Sanyi:
Zan faɗi nawa ko da da kunya. Wata biyu ina zargin madara, ashe man da nake shafawa don goge tabon ne ke haifo sababbi. Da mai sayar da magani ya karanta min jikin kwalin, sai ga kulobetasol a ciki, wato sitiroyid mai ƙarfi. Da farko yana sa fata ta yi haske da laushi, daga baya sai ƙananan ƙuraje iri ɗaya su feso kamar an shuka su. Tauraruwa, kin ce kin gaji da shafe-shafe, ki duba me ke cikin abin da kike shafawa. Har man gashi ma, in yana gangarowa goshi.

Ɗan Ƙarfe:
Wato kowa da ɓarawonsa.

Anti Nas:
Tauraruwa, in za ki gwada, ki yi shi yadda zai ba ki amsa. Abu ɗaya za ki canza. Kada ki bar madara ranar da kika fara sabon sabulu, don in an samu sauƙi ba ki san wa za ki gode wa ba. Ki ɗauki hoto duk sati a wuri ɗaya da haske ɗaya, ido yana yaudara, musamman ranar da rai ke ɓace. Ki bari gwajin ya ratsa al'ada biyu ko uku, sannan ki dawo da madarar kamar yadda Maman Biyu ta yi. Amma tunda naki masu zurfi ne kuma suna barin tabo, ni ba zan so ki zauna wata uku kina jiran abinci kaɗai ba. Ƙurji yana tafiya, ramin da ya bari ba ya cikewa da sauƙi. Ki ga likitan fata, ki gaya masa kina wannan gwajin. Kuma ki cire hannu daga matsa su, na san kina yi.

Tauraruwa:
Anti kin kama ni, yanzu haka hannuna na kan haɓa. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan fara da madarar sha kawai, in bar yogot ɗina tukuna. Zan dawo da labari in sha Allah.

Tauraruwa:
Na dawo, sati goma sha ɗaya ke nan. Na jera hotunan jiya da dare. Ƙananan da ke kumatu sun ragu sosai, maiƙon da kan sa fuskata ƙyalli kafin azahar shi ma ya ja baya. Manyan na haɓa kuwa ba su san ina yi ba, duk wata sai biyu ko uku sun zo a kan lokacinsu. Likita ya ba ni adafalin in riƙa shafawa da dare, amma na roƙe shi ya bar ni in ƙarasa gwajin kafin in fara, ya yi dariya ya ce in ƙara sati biyu kawai. Gobe zan dawo da madarar in ga ko na kumatun za su biyo ta. Maman Biyu, da kika koma sha, kofi nawa kike sha a rana, kuma kwana nawa suka yi kafin su fito?