Yara na hargitsa min kantocin laburare, ya zan yi?

Malamar laburare: Assalamu alaikum. 'Yan aji uku na shigowa ranar Laraba. Kafin a kaɗa ƙararrawa, littafin lissafi ya koma cikin tatsuniyoyi, wani an cusa shi a kife har bangonsa ya yage. Ba na son hana su taɓawa, don ta nan sha'awar karatu ke shiga.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam, Malama. Ki yanka kwali tsawon rula, ki rubuta wa kowanne lamba. Yaro ya zaro littafi, sai ya soka kwalinsa a gurbin. In bai yi masa ba, ya san inda zai mayar.

Tsohuwar shugabar makaranta: 'Yata, kada su tashi gaba ɗaya. Biyar-biyar, sauran na zaune a tabarma. Littattafai masu hotuna kuma ki sauko da su kantar ƙasa, fuskarsu a waje, domin ƙanana bangon littafi suke kallo. Wanda aka fasa ɗauka a jefa a kwando.

Malamar laburare: Na gode, Hajiya. Kwandon, ni zan jera ko monita?

Tsohuwar shugabar makaranta: Monita, amma ki koya masa tukuna.